Tambaya da Amsa: Tafiyar Dr. Ullrich ce ta kashe tseren Audi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ni bakanike ne a Kaduna kuma mayen kallon tseren mota, to musu ne ya kaure tsakanina da abokin aikina a gareji, shi ya dage wai tun da shugaban sashen tsere na Audi Dr. Wolfgang Ullrich ya yi ritaya shi ke nan kamfanin ya watsar da tsere, ni kuma na ce ba haka bane. Don Allah a raba mana gardama, kuma wai nan gaba kamfanonin mota za su ci gaba da zuba kuɗi a harkar nan kuwa? Daga mai bibiyarku kullum.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Kai ne da gaskiya, amma kada ka yi saurin yi wa abokinka dariya don abin ya zo kusa da juna ne shi ya sa ya ruɗe.

Ullrich ɗan ƙasar Ostiriya ne, ya karɓi ragamar sashen tsere na Audi a 1993, kuma a hannunsa suka ci gasar Le Mans ta Faransa, wadda ake awa 24 ana gudu ba tsayawa sai shan mai da canjin taya da direba, har sau 13 daga 2000 zuwa 2014. Tunda kai mai gyara ne wannan zai maka daɗi, a 2006 da injin dizal suka ci da motarsu R10 TDI, karo na farko kenan da dizal ya ɗauki kofin, a 2012 kuma suka ci da R18 e-tron mai haɗa inji da lantarki. Wanda ni ba na mantawa shi ne na 2011, motoci uku suka shiga da su, Allan McNish ya yi mummunan haɗari tun farkon tsere, da dare Mike Rockenfeller shi ma tasa ta yi rugu-rugu, saura ƙwaya ɗaya tal ga motocin Peugeot sun biyo ta a baya kamar farauta, amma haka ta kai gida da tazarar da ba ta kai sakan 14 ba, bayan awa 24 fa!

To ina abokinka ya kuskure? Wajen lissafin lokaci. A watan Satumba 2015 aka bankaɗo badaƙalar Volkswagen, uwar kamfanin Audi, cewa sun saka manhaja a motocin dizal tana ɓoye yawan hayaƙin da suke fitarwa lokacin gwaji. Tara ta biliyoyin daloli ta hau kansu, kuma ka ga ai babu fuskar da za ka ci gaba da tallar dizal a filin tsere alhali dizal ɗin ne ya jawo maka abin kunya. A ƙarshen 2016 Audi ta fice daga Le Mans, ita ma Volkswagen ta bar gasar rali ta duniya a lokacin duk da ita ke cin kofi shekara huɗu a jere. Ullrich yana nan daram aka yanke wannan hukuncin, ya miƙa wa Dieter Gass kujera a farkon 2017, sai ƙarshen shekarar ya tafi gaba ɗaya. Wato kasuwar ce ta riga watsewa kafin dattijo ya naɗe tabarmarsa.

Shugaban tsere komai ƙarfinsa ma'aikaci ne, masu sa hannu a takardar kuɗi suna can sama, su kuma tsere a wurinsu talla ce da ɗakin gwaji. Duba Mercedes, shugaban tserensu Norbert Haug ya sauka a ƙarshen 2012 bayan shekara 22, Toto Wolff ya shigo, daga 2014 zuwa 2021 kofin kamfanoni na Formula 1 sau 8 a jere suka ɗauka, ritaya ba ta hana komai ba. Ita kuwa Honda ba don wani ya yi ritaya ba, tattalin arzikin duniya ne ya karye ta tattara ta bar Formula 1 a Disamba 2008, abin haushin ma motar da suka bari ita shugaban ƙungiyar Ross Brawn ya ɗauka ya sa mata injin Mercedes ya ci kofin duniya a 2009, ka ji kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Batun gaba kuwa, ni a ganina kuɗin ba zai daina zuwa ba, wurin zuba shi ne ke canzawa. Audi ɗin dai ta shiga Formula E, tseren motocin lantarki, ta fita a 2021, ta je tseren hamada na Dakar ta ci a 2024 da direba Carlos Sainz babba, sannan ta sayi ƙungiyar Sauber don shiga Formula 1 a 2026, saboda sabuwar dokar inji ta ba lantarki kaso babba kuma tun 2021 an ƙayyade kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe, aka fara da dala miliyan 145. Le Mans ma da aka rage tsada da sabon ajin manyan motoci na Hypercar sai ga Ferrari ta dawo ta ci a 2023.

Waɗanda nake tausayi su ne ƙananan ƙungiyoyi masu sayen motar tsere da kuɗinsu suna dogaro da kamfani ya turo musu injiniya da direba, don Audi da ta juya wajen Formula 1 irin wannan tallafin ta fara yankewa bayan 2023, ta kuma daina ƙera R8 ɗin tseren. Ka gaida abokin naka, ka ce shayin gobe a gareji shi zai biya.