Hukuncin Yin Talla Da Hoton Kwastoma, Da Matsayin Takardar Izini

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam. Ni mai ɗaukar hoto ne, ina da shago a Tudun Wada cikin garin Gombe, shekarata bakwai a sana'ar. Ina ɗaukar hotunan biki, suna, walimar sauka da na ɗalibai masu kammala karatu. Idan hoto ya yi kyau nakan ɗora shi a shafina na Facebook da Instagram, wasu kuma in buga su a allon da ke ƙofar shago, don da haka ake samun ciniki yanzu. Kwanan baya wani mutum ya zo min da faɗa, wai ya ga hoton matarsa a shafina, alhali ita ta zo da ƙafarta, ta biya, kuma ba ta ce kada in sa ba. Wani abokin sana'ata ya ce in buga fom, duk wanda ya zo ya sa hannu cewa ya yarda in yi talla da hotonsa. Malam, na yi laifi a abin da ya wuce? Kuma idan mutum ya sa hannu, na fita daga haƙƙinsa ke nan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a nemanka, ɗan'uwa, ya saka maka da alheri da ka tambaya maimakon ka tsaya kare kanka.

Hoton kyamara shi kansa malamai sun yi saɓani a kansa. Shaihu Ibn Baz ya hana sai da lalura. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, tsohon muftin Masar, ya halatta, yana ganin kama inuwa ne kawai, ba kwaikwayon halitta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka haramta kai tsaye shi ne siffar mai rai cikakkiya mai jiki, wadda take da inuwa, irin gunki. Ni ina tare da masu halattawa, da sharaɗin abin da ke cikin hoton da abin da ake nufi da shi su zama halal. A kan wannan zan gina amsata.

Abin da ke tsakaninka da matar nan, a harshen fiƙihu, ijara ce. Ta ɗauke ka aiki sananne a kan lada sananne: ka ɗauka, ka gyara, ka wanke, ka miƙa mata. Iyakar yarjejeniyar ke nan. Telan da aka kai wa shadda ba ya saka rigar ya tafi ɗaurin aure da ita don mutane su ga iya ɗinkinsa, ko da kuwa zai dawo da ita ba ko tabo. Ibn Abi Zaid ya faɗa a cikin Risala cewa masu sana'a suna lamunce abin da aka bar musu a hannunsu. Idan haka shari'a ta tsananta a kan yadi da zinare, ina ga fuskar mutum da mutuncinsa? Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a hadisin da Muslim ya ruwaito: jinin Musulmi da dukiyarsa da mutuncinsa haramun ne a kan ɗan'uwansa Musulmi. Hoton da ya rage a kyamararka ko a kwamfutarka bayan kwastoma ya tafi amana ne, kuma Allah ya yi umarni a aya ta 58 cikin Suratun Nisa'i a mayar da amana ga masu ita.

Ka ce ba ta hana ka ba. Malaman usulu suna da ƙa'ida da ake danganta ta ga Imamu Shafi'i: ba a jingina magana ga wanda ya yi shiru. Shirun budurwa a wajen aure nassi ne ya mayar da shi izini, bayan kuma an tambaye ta. Kai ko tambayar ba ka yi ba. Wani zai ce ai kowa ya san masu hoto suna ɗora aikinsu, abin da aka saba kamar sharaɗi ne. Ƙa'idar gaskiya ce, amma a garin nan ba ta taimake ka ba. Matar da ta shiga ɗakin hoto, aka ja labule, ta sauke mayafinta a kafaɗa, ta gyara ɗan kunne, ta miƙa hannu don lalle ya fito, ta san wa take yi wa. Mijinta take nufi, ko bangon ɗakinta, ko ƙawayenta. Ba ta da masu acaba da ke tsayawa ƙofar shagonka a zuciyarta. Al'adar Gombe, daga Bolari har Pantami, ita ce wannan hoton na cikin gida ne.

Akwai wani hadisi da nake so duk mai hoto ya haddace. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana mace ta cuɗanya da wata mace sannan ta je ta siffanta ta ga mijinta har ya zama kamar yana kallonta. Siffantawa da baki, ga mutum ɗaya, a cikin ɗaki, ita aka hana. Kai kuwa ka ajiye ta gaban dubban idanu, kowa yana iya saukewa a wayarsa ya buɗe lokacin da ya ga dama. An taɓa kirana sulhu a wani gida, amarya ba ta yi wata uku a ɗaki ba. Abokin ango ne ya turo masa hotonta na ranar kamu daga shafin mai hoto, ga maganganun samari jere a ƙasa. Yarinyar tana zaune a kan tabarma tana kuka tana rantsuwa ba ta san an sa ba, kuma gaskiya ta faɗa. Da ƙyar auren ya tsaya. Har yau idan na tuna fuskar mahaifinta a wannan zama raina yakan ɓaci.

Don haka abin da ya wuce kuskure ne, kuma mijin nan yana da gaskiya, ko da ya zo da zafi.

Sai takardar. Shawarar abokinka mai kyau ce. Asalin abin da shari'a take nema shi ne yarda, ko da ta baki ce, amma rubutawa ta fi, domin Allah da kansa ya yi umarni da rubuta bashi a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ya kuma ce hakan ya fi tsayar da shaida da kawar da shakka. Sharaɗin da aka rubuta aka yarda da shi yana ɗaure ɓangarorin biyu, saboda hadisin Abu Dawuda da Tirmizi: Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Amma sa hannu daban, yarda daban. Na ga irin takardun da ake cusa sharaɗi da ƙananan haruffa cikin Turanci a bayan rasit, a miƙo biro ana cewa "sa hannu nan ka karɓi kayanka". Wannan algus ne, kuma Annabi ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Takardarka ta kasance da Hausa, a karanta wa wanda bai iya karatu ba, a fassara wa mai jin Fulatanci ko Tangale da harshensa, sannan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A nuna masa hoton da ake magana a kai da idonsa, ba "duk hotunana" a dunƙule ba. A faɗi inda za a sa: wani zai yarda da albam ɗin da ke kan teburin shago amma ba zai yarda da intanet ba, kuma bambancin babba ne, don abin da ya hau intanet ba ka da ikon dawo da shi. A yanka lokaci, shekara ɗaya ko biyu. Idan ka yi masa rangwame ko ka biya shi a kan haka ya halatta, sai dai a nan faɗin lokaci da wuri ya zama dole, domin ya koma ijara, ita kuwa ba ta inganta idan ba a san iyakar abin da aka yi yarjejeniya a kai ba. Kada kuma ka riƙe hotunan wanda ya riga ya biya ka ce sai ya sa hannu. Yardar da aka matso da kunya ko tilas ba yarda ba ce.

Wanda ya biya kuɗi ba shi ne mai izinin kowa ba. Ango ba ya sa hannu a madadin ƙawayen amarya goma da ke cikin hoton. Miji ba ya sa wa matarsa ba da saninta ba, ita ma bai dace ta ba da izinin abin da ta san zai tayar da fitina a gidanta ba tare da shawararsa ba. Ka nemi su biyun, ka huta. Yaro ƙarami waliyyinsa ne zai sa hannu, shi ma da abin da yake maslahar yaron. Kwastomanka Kirista da ya zo daga Billiri ko Kaltungo amanarsa daidai take da ta Musulmi.

Yanzu ga inda nake so ka saurara da kyau. A ruwayar Tirmizi hadisin sharuɗɗa yana da ƙarashe: sai dai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram. Izinin mutum yana sauke haƙƙinsa ne shi kaɗai, ba ya sauke haƙƙin Allah. Idan mace ta bayyana gashinta, wuyanta, ƙirjinta, ko adon da aya ta 31 cikin Suratun Nur ta ce a ɓoye wa waɗanda ba muharramai ba, to ko ta sa hannu sau goma, ko mijinta da ubanta sun sa, bai halatta ka yaɗa ba. Haka irin hotunan kafin aure da saurayi yake riƙe da budurwar da ba a ɗaura musu ba. Wannan ɗaukarsa ma ban halatta maka ba, balle tallarsa. Matar da take cikin cikakkiyar sutura, ba kwalliyar jan ido, ta kuma yarda, ba zan ce haramun ne ba, tunda jumhur, wato mafi yawan malamai, ba su ɗauki fuska da tafuka al'aura ba. Duk da haka ni ban so maka shi. Kana da dattawa cikin babbar riga, da mahaya a hawan sallah, da ɗalibai maza ranar yaye, da madatsar ruwan Dadin Kowa da hantsi. Mai ido zai gane gwaninta a cikin waɗannan.

Idan wanda ya yarda ya dawo ya ce a cire, ka cire. Gaskiya ne izinin da aka ba ka kyauta kamar aro ne, kuma a mazhabarmu aron da aka yanka wa lokaci ba a karɓe shi kafin lokacin, amma idan cuta ta bayyana, kamar yarinyar da ta sa hannu tana ɗaliba yanzu kuma aure ya zo, hadisin Muwaɗɗa ya yanke: ba cuta, ba cutarwa. Idan ka biya ta, ku daidaita a kan abin da ya rage na kuɗin. Dokar ƙasa ma tana nan: sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ba ta ɗauki shiru a matsayin yarda ba, ta ba mutum damar janye izininsa, ta kuma nemi izinin iyaye a kan yara. Bin irin wannan doka wajibi ne, don ba ta saɓa wa shari'a ba.

Abin da ya rage maka: a daren nan ka bi shafukanka ka sauke duk hoton da ba ka nemi izinin mai shi ba, ka fara da na mata, ka canza allon ƙofar shago. Ka je wurin mutumin nan da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka ba shi haƙuri, ka roƙe shi ya isar wa iyalinsa, ka kuma goge ragowar hotunanta a gabansa idan ta buƙata. Sauran waɗanda kake iya samu ka nemi afuwarsu, waɗanda suka ɓace maka ka yi musu addu'a tare da istigfari. Kuɗin da ka samu daga kwastomomin da tallar ta jawo ladan aikin hannunka ne, ba sai ka fitar da shi ba.

Allah ne mafi sani.