Awa nawa 'yan sanda za su iya riƙe yaro?

Tambaya: An kama ɗan ƙanwata mai shekara 15 tare da wasu samari, yau kwanansa uku a ofishin 'yan sanda. Duk wanda muka tambaya sai ya ce "ana kan bincike". Shin doka ta yi wa irin wannan tsarewa iyaka? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ta yi mata, 'yar'uwa, kuma kwana uku ya wuce ƙa'ida.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda kusan duk ƙasashe suka amince da ita, ta ce a sashe na 37 ba a tsare yaro sai in babu makawa, kuma kada a daɗe. Kwamitin da ke sa ido a kanta ya fayyace a 2019 cewa a kai yaro gaban alƙali cikin awa 24. Ko babba ne, ma'aunin da kwamitin haƙƙin ɗan Adam na majalisar ya bayar a 2014 awa 48 ne. Dokar kowace ƙasa da nata adadin, lauya zai faɗa miki na wurinku.

Bincike ba hujja ba ce. In suna ganin bai kammala ba, alƙali ne zai ce a ci gaba da riƙe shi ko a ba da belinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne daren farko. Yaron bai runtsa ba, ga tsoro, wataƙila ga manyan masu laifi a ɗaki ɗaya, alhali sashen nan ya ce a raba yara da manya. Da safe a tura masa takarda da biro a ce "sa hannu ka tafi gida". Zai sa, ko bai karanta ba, kuma da wannan takardar za a kafa masa hujja a kotu. Saboda haka kada ya ba da bayani sai ga lauya da mahaifi ko mahaifiya a zaune.

Yau ɗin nan ku rubuta rana da lokacin da aka kama shi, domin daga nan lissafi yake farawa, ku kuma san sunan jami'in da ke riƙe da maganar. Ku tafi da takardar haihuwarsa, don sau da yawa gardamar shekaru ce ke sa a ɗauki yaro a matsayin babba. In an hana beli, lauya ya shigar da buƙata kotu a kawo yaron gaban alƙali.