Wasan dandamali a makaranta zai taimaka wa mai son zama daraktan fim?

Ɗan'uwa ka ce kana son zama darakta amma kana ganin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarku ɓata lokaci ce. A'a wallahi, shiga kawai. A dandamali babu zancen a tsaya a sake ɗauka, jarumi ya manta maganarsa gaban jama'a dole ku san yadda za ku rufa asiri, kuma nan za ka koyi inda ake tsayar da mutum haske ya kama fuskarsa. Ɗaliban wasan kwaikwayo na ABU Zariya a Drama Village, wato dandamalin jami'ar, suke samun wannan horon. In kuna da rediyon makaranta irin BUK FM ka riƙa leƙawa, don sauti ne ke kayar da masu farawa, hoto tas amma magana kamar daga rijiya.