Takardar da kike son rubutawa kafin ciwon ya sake tashi

Malama, Allah ya ƙara lafiya. Kin ce duk sanda ciwon ƙwaƙwalwar ya tashi yayanku ne ke yanke hukunci, wancan karon ma gidan mai magani ya kai ki aka sa miki mari, shi ya sa kike son rubuta wasiyya ki hana kowa taɓa ki sai ƙanwarki. To wasiyya dai ba ta wannan aikin, sai bayan rai take fara aiki. Takardar wakilci ma, wadda mutum ke ba wani ikon yanke hukunci a madadinsa, da mutane ke ɗauka ta gama komai, a ƙa'ida galibi tana faɗuwa ne da zarar hankalin wanda ya bayar ya gushe, wato daidai lokacin da kike buƙatarta.

Kuma kar wani ya ce miki in kin sa hannu shikenan likita ba zai iya kwantar da ke ba, sashe na 35 na tsarin mulki ya yarda a tsare mai taɓin hankali don a yi masa magani. Ana kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli na 2001 a shari'ar Dakta Okonkwo cewa baligi mai hankali na iya ƙin magani, gaskiya ne, amma kan "mai hankali" ɗin za a yi ta ja da ke. Mari kuwa wani abu ne daban, sashe na 34 ya hana wulaƙanta ɗan Adam, kuma zama babban wa ba lasisi ba ne, ya kamata yayan naku ya san haka. Ga kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta ƙarfafa haƙƙin majinyaci, kodayake yadda ake aiki da ita ya danganta da jihar da kike.

Duk da haka ki rubuta takardar da ke bayyana abin da kike so a yi in ciwon ya tashi, tana da nauyi a matsayin hujja. Ki zauna da likitanki yanzu da kike lafiya, ki faɗi asibitin da kika yarda da shi, maganin da ya karɓe ki da wanda ya wahalar da ke, wa za a kira, wa zai riƙe yara da katin banki, shi kuma likitan ya rubuta cewa kina cikin hayyacinki ranar. Sai rantsuwa a kotu kamar yadda aka saba, kwafi ɗaya a fayil ɗinki na asibiti ɗaya wajen ƙanwarki.

Maganar kai yayanku ƙara, ni ban ba ki shawara ba tukuna, shari'a za ta ja lokaci kuma gida ɗaya za ku koma. Ki sa kawunku ko wani babba da yake jin nauyinsa ya tara ku, a karanta takardar a gaban yayan naku, in da hali shi ma ya sa hannu a matsayin shaida. In ya ƙi, ki kai wa lauya takardun asibitinki ya duba kafin ki ɗau wani mataki.