Takardar kwalejin shekara biyu a Amurka: tana mayar da kuɗin da aka kashe mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tasi nake tuƙawa a Bronx, birnin New York. 'Yata ta gama sakandare, ta samu gurbi a kwalejin shekara biyu ta CUNY, rukunin jami'o'in gwamnati na birnin, za ta yi Associate of Arts, takardar karatun gama-gari ta shekara biyu. A masallaci wasu sun ce ɓata lokaci ne, wasu kuma sun ce tana gamawa sai aji uku a kowace jami'a. Tsorona kada shekara biyu da ɗan abin da na tara su tafi a banza.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi mata albarka. Masu cewa ɓata lokaci ne suna da gaskiya idan a nan za ta tsaya. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka na 2023 sun nuna mai takardar sakandare yana samun dala 899 a mako, mai takardar shekara biyu 1,058, mai digiri 1,493. Wannan 1,058 ɗin ma har da ma'aikatan jinya da masu ɗaukar hoton asibiti a cikinta, su ne suka ɗaga ta. Takardar da 'yarka za ta karɓa ba ta koyar da wata sana'a. Amfaninta ta kai ta ga digiri da sauƙin kuɗi: a CUNY mazaunin birnin yana biyan dala 4,800 a shekara a kwaleji, 6,930 a babbar makaranta mai ba da digiri irin Lehman.

Maganar rukuni na biyu ce ke damuna, domin ita ke cinye kuɗin iyaye. Wa ya gaya musu kiredit 60, wato ma'aunin darussan da ake tarawa a shekara biyun, na bin ɗalibi duk inda ya je? Rahoton ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, na 2017 ya gano cewa masu sauya makaranta na asarar kusan kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. A lissafin 60, kusan karatun shekara guda ke nan. Kuma asarar ba ta zuwa a fili. Jami'a za ta ce ta karɓi kwas ɗin, sai ta jefa shi cikin kwasa-kwasan zaɓi, ba ya rage komai daga abin da sashenta ke buƙata. Yarinya tana murna an karɓi 60, sai a ce mata saura zango shida maimakon huɗu. Makarantu da yawa ba sa karɓar kwas ɗin da aka ci ƙasa da C. Kwasa-kwasan share fage na lissafi da Turanci kuwa galibi ba su da kiredit tun asali. Tallafin Pell, kuɗin karatu da gwamnatin tarayya ke ba masu ƙaramin ƙarfi, zango 12 kawai ake ba mutum a rayuwarsa, duk kwas ɗin da aka maimaita daga ciki yake ci. Masu ba da shawara a bakin masallaci ba sa faɗin wannan, don ba su taɓa buɗe takardar sakamako sun duba ba. Kusan kashi 80 na masu shiga irin waɗannan kwalejoji da niyyar digiri suke shiga, amma kusan 16 ne ke samunsa cikin shekara shida.

Kafin zangon farko ya ƙare, 'yarka ta tsayar da jami'ar da za ta je da fannin da za ta karanta. Duk kwas ɗin da za ta yi rajista, ta fara duba shi a shafin intanet na Transfer Explorer na CUNY, ta ga da me za a musanya shi a can. Tsarin CUNY mai suna Pathways ya tabbatar mata da kiredit 30 na darussan gama-gari a duk makarantun CUNY, sauran 30 ɗin ne ke buƙatar sa ido. Ta riƙa ɗaukar kiredit 15 a zango: 12 ma cikakken karatu ne a takarda, amma 12 sau huɗu 48 ne, ba 60 ba. Ku cike FAFSA da TAP, takardun neman tallafin karatu na tarayya da na jihar New York, kowace shekara. Ta kuma nemi shiga shirin ASAP na tallafa wa ɗaliban CUNY tun kafin a fara karatu, yana ba da kuɗin littattafai da na jirgin ƙasa da mai ba da shawara nata na kanta. Duk abin da ma'aikacin jami'a ya ce za a karɓa, ta nemi ya rubuto mata ta imel, ta adana.