Tambarin ɓoye a hoton asibiti

Kana tambaya wai tunda sunan majinyaci yana rubuce a fayil ɗin DICOM, wato tsarin da ake adana hotunan asibiti a kwamfuta, me ya kai mu wahalar dasa tambarin ɓoye a cikin hoton. Yaro, wannan sunan ko kai da ka zo jiya za ka iya goge shi ka rubuta na kakarka.

Akwai wani ɗan kasuwa da mota ta goga a hanyar Ɗan Issa. Ni na yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, ƙashi lafiya lau, ko tsagewa babu. Ashe ya je ya samo hoton wani bawan Allah mai karayar cinya, shi ma daga injina ya fito, aka sauya suna da kwanan wata, ya kai wa masu inshora. Likitansu ya ga mutum yana takawa garau, sai ga sammaci daga komisariya, wai ni nake sayar da hoton ƙarya. Na yi rantsuwa har na gaji, suka ce takarda suke so. Asibitin kuɗin da ke turo mini aiki ya janye, ko sallama babu. Shi kuwa gogan har gobe yana wucewa ta ƙofar nan cikin motarsa, yana ɗago mini hannu!

Da akwai tambari a lokacin, da magana ta mutu nan take. Lambar majinyaci da lissafin hoton, wato lambar da kwamfuta ke fitarwa daga ɗigoginsa, ake cusawa cikin ɗigogin hoton kansa, inda ido ba ya gani. A taɓa ɗigo ɗaya, lissafi ya ƙi fitowa daidai. A baƙin gefe za ka dasa shi, kada ka kuskura ka hau kan huhu ko ƙashi, sai in irin wanda ake cirewa hoto ya koma yadda yake ne. A 2019 masu bincike a Jami'ar Ben-Gurion ta Isra'ila sun ƙara ciwon daji a hoton sikana, sun kuma goge, ƙwararrun likitoci suka ruɗu. To ina ga mu nan Maradi?

Ku kuma yaran yanzu komai WhatsApp. Ka ɗauki allon da waya ka tura, an matse hoton, tambari ya wargaje, gobe ka ce manhajar tambarin ce ba ta aiki. Fayil ɗin asali ake bayarwa, a faifai ko a kile na USB. Yadda ake buɗe manhajar kada ka tambaye ni, kana da ido. Makullin sirrin dasa tambarin kuma yana hannuna, sai ranar da na ga ka daina danna waya a gaban majinyaci.