Tambaya da Amsa: Umma ta ɓoye wasiƙar asibiti har sau biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. A Ingila muke zaune da iyayena. Umma shekarunta 56. Sau biyu ana aiko mata da wasiƙar gayyata zuwa ɗaukar hoton nono, ban sani ba sai da na tsinci takardun a jakar da take ajiye fasfo. Da na yi mata magana sai ta ce lafiyarta ƙalau, ba za ta je ta buɗe wa baƙo jikinta a tono mata abin da Allah ya rufa ba. Abba kuma an aiko masa da kayan gwajin bayan gida, ya ce cin mutunci ne, ya jefa a shara. Ina jin ana cewa cutar kansa, wato ciwon daji, ta fi kashe mu baƙar fata. A jininmu abin yake ne? Kuma yaya zan yi da su ba tare da na yi musu rashin kunya ba? Daga 'yarki a Ingila.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka da kika damu.

Bari in fara da maganar jini. Akwai ɗan kaso na gaskiya a ciki. Wani nau'in kansar nono mai saurin yaɗuwa, wanda ba ya jin wasu daga cikin magungunan da aka saba bayarwa, ya fi samun mata baƙar fata, kuma yakan zo musu tun da sauran ƙuruciya. Amma jini kaɗai bai isa bayani ba. A Amurka mata baƙar fata ba su kai farar fata yawan kamuwa da kansar nono ba, duk da haka mutuwarsu da ita ta ɗara ta farare da kusan kashi 40 cikin ɗari. Babban abin da ke raba su shi ne lokacin da aka gano cutar da irin kulawar da ta biyo baya.

A shekarun da na yi ina aikin jinya, akwai wata baiwar Allah da har yau ba ta fita a raina ba. Ta zo mana ƙullutun ya riga ya fashe, ta rufe shi da tsumma mai tsabta, ta ninke shi da kyau kamar mai naɗe abin daraja. Ana tambayarta tarihi sai ga shi an taɓa gayyatarta gwaji shekara huɗu baya. Ba ta karanta Turanci, ɗanta ne mai karanta mata wasiƙu. Yaron ya buɗe, ya ga a kan nono ake magana, bakinsa ya kasa furta kalmar a gaban mahaifiyarsa, sai ya ce mata takardar talla ce. Yana tsaye bakin ƙofa ana ba da wannan labari, hannunsa na rawa. Ban ga laifinsa ba, yaro ne mai kunya da tarbiyya. Laifin na wanda ya ɗauka cewa da zarar an jefa wasiƙa iri ɗaya a kowane gida, an yi wa kowa adalci.

Wasiƙar iri ɗaya ce, hanyar zuwa asibitin ce ba iri ɗaya ba. Wata ba ta jin harshen. Wata aikin awa-awa take yi, in ta ɗauki rabin yini ba a biyanta. Wata ta sauya gida sau uku, takardar na zuwa tsohon adireshi. Wata an taɓa yi mata kallon raini a asibiti ta rantse ba za ta koma ba. Wadda ba ta yi rajista da likitan unguwa ba kuwa, ko gayyatar ba za ta samu ba, don daga wannan rajistar hukumar lafiya ta NHS ke ɗauko sunaye.

Abin da ke ƙarfafa min gwiwa shi ne an gwada an ga giɓin yana rufuwa. A 1990 wani likita, Harold Freeman, ya fara wani tsari a unguwar Harlem ta birnin New York: a haɗa mara lafiya da mutum guda da zai riƙe hannunsa tun daga gwaji har magani, ya tuna masa rana, ya warware masa takardu. Jihar Delaware ta Amurka ta ɗauki irin wannan a kan kansar hanji, ta ɗauke wa marasa inshora kuɗin gwaji da na magani, cikin shekaru ƙalilan yawan baƙaƙen da ke gwaji ya kamo na farare, mace-macensu da cutar ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Ostireliya kuma tun 2022 ta bai wa duk macen da ta isa gwajin bakin mahaifa damar ɗaukar samfurin da hannunta. Ke yanzu, a gidanku, ke ce wannan mai riƙe hannun.

Game da Umma, kada ki shigo mata da alƙaluma ko tsoratarwa. Kalmarta ta gaya miki inda ke mata yoyo: baƙo, da tonon abin da aka rufa. Ki gaya mata mace ce za ta ɗauki hoton, su biyu kaɗai a ɗaki. Za ta cire riga daga ƙugu zuwa sama, a ɗora nonon a kan wani faranti, wani ya sauko ya danna na 'yan daƙiƙoƙi. Akwai matsi, wasu kan ji zafi kaɗan, hoto biyu-biyu a kowane ɓangare, ko rabin awa ba a kaiwa. Kyauta ne, kuma tana da haƙƙin neman tafinta. Cikin mata 100 da aka ɗauka, kusan 4 ake sake kira, cikin huɗun nan ma 1 ce ake samu da kansa. Ki faɗa mata gaskiyar ɗaya ɓangaren ma: wani lokaci ana gano ƙaramin abu da ƙila ba zai taɓa cutar da ita ba, a yi masa magani. Shawara tata ce, amma ta yanke ta bayan ta ji komai da harshenta.

Maganar "ba inda ke min ciwo" kuwa, ai don masu lafiya aka yi gwajin. Ana so a ga abin tun yana ƙarami hannu bai iya jinsa. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, wannan Umma ta fi ni sani. In kin ga maganar ta yi miki nauyi a matsayinki na 'ya, ki nemi gwaggonki ko wata aminiyarta da ta taɓa yi, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ki kira lambar da ke kan wasiƙar a sake ba ta rana, gayyatar ba ta mutu ba. Ana yin ta duk shekara 3 daga 50 har mace ta cika 71.

Na Abba, wato gwajin kansar hanji, ya fi sauƙi. Wataƙila tsohon gwajin ya ji labari, wanda sai an ɗebi samfuri sau uku. Tun 2019 aka sauya. Yanzu 'yar kwalba ce mai tsinke a murfinta, a goga sau ɗaya, a rufe, a sa a ambulan da aka riga aka biya kuɗinta, ba wanda zai gan shi. Jinin da ido ba ya gani ake nema. Ana iya neman a sake aiko da wani, amma wannan magana ki bar wa Umma ko yayanki. Idan sun zauna, a ƙara masa da batun firostet, ɗan ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A Birtaniya namiji baƙar fata 1 cikin 4 na kamuwa da kansarsa a tsawon rayuwa, alhali a sauran jama'a 1 cikin 8 ne, kuma ita ba a aiko mata da wasiƙa. Shi zai je da ƙafarsa ya tambayi likita gwajin jini na PSA.

Ke ma in kin kai 25, ki duba ko taki wasiƙar ta gwajin bakin mahaifa ta zo. Ranar Umma kuma ki ɗauki hutu ki raka ta, ki zauna a ɗakin jira riƙe da mayafinta.